Hitar Gilashin Bayan Mota: Yadda Take Aiki da Yadda Za Ka Gano Inda Ta Yanke

Idan ka dubi gilashin bayan mota da kyau, za ka ga wasu siraran layuka masu launin ƙasa-ƙasa, a jere daga wannan gefe zuwa wancan. Wasu direbobi sun ɗauka ado ne, wasu kuma su ce eriyar rediyo ce. Hita ce. Aikinta ta ɗumama gilashin har gumin da ya rufe shi ya bushe, ko ƙanƙarar da ta kwanta a kansa ta narke, domin direba ya ga abin da ke bayansa ta madubin tsakiya. Tsarinta ba shi da wani sarƙaƙiya, kuma yadda ta lalace shi ne ke nuna maka inda ciwon yake. Wanda ya gane haka ba zai bari a ce masa ya sauya gilashi sukutum saboda fis ɗaya da ya ƙone ba.

Me ke sa gilashi gumi

Iska tana ɗauke da ruwa a matsayin tururin da ido ba ya gani, kuma yawan abin da za ta iya riƙewa ya danganta da ɗuminta. A digiri 30, mita kubik ɗaya ta iska tana riƙe kimanin giram 30 na ruwa. A digiri 20 kimanin giram 17, a digiri 10 kuwa giram 9 da ɗan ɗoriya. To idan iska mai ɗumi da danshi ta taɓa wani abu mai sanyi, sai ɓangaren da ya taɓa ɗin ya huce, ya kasa riƙe ruwan da yake ɗauke da shi, ya sauke shi a wurin. Abin da ke faruwa ke nan da kwalbar da aka ciro daga firij, nan da nan ka ga jikinta ya jiƙe.

A cikin mota, numfashin mutane, jiƙaƙƙun kaya da kafet mai laima su ne ke cika iska da danshi. Ruwan sama ko sanyin asuba kuma ya sanyaya gilashin ta waje. Da waɗannan biyun suka haɗu, sai dubban ƙananan ɗigo su kwanta ta ciki, su watsa haske, gilashi ya yi fari fat. Hanyar magance wannan biyu ce: ko a busar da iskar, ko a ɗumama gilashin. Gilashin gaba da iska ake yi masa, ta ƙofofin da ke saman dashbod. Na baya ya yi wa wannan iskar nisa, shi ya sa aka sa masa zafinsa a jikinsa.

Abin da layukan suka ƙunsa

A yawancin motoci waɗannan layuka ba waya ba ce da aka binne a tsakiyar gilashi. Wani irin fenti ne mai kauri da aka haɗa da garin azurfa da niƙaƙƙen gilashi, aka buga shi a fuskar gilashin ta ciki, sannan aka shigar da shi wuta mai zafin da ya haura digiri 600 a lokacin lanƙwasa gilashin da ƙarfafa shi. Sai fentin ya manne ya zama kamar jikin gilashin. Ka sa farce a hankali ta ciki, za ka ji ɗan tudun kowane layi. Ka riƙe wannan a ranka, domin kusan duk lalacewar hitar daga nan take farowa: layukan a fili suke, duk abin da ya gogi gilashin ta ciki su yake goga.

A gefen dama da gefen hagu akwai faffaɗan layi guda-guda a tsaye, galibi a ɓoye cikin baƙin fentin bakin gilashi ko a bayan robar ado. Ɗaya yana karɓar wuta daga batir, ɗayan yana mayar da ita jikin mota, wanda ta ƙarfensa wutar ke komawa batir. Kowanne yana da ɗan ƙarfe da aka like da dalma, inda kan waya ke shiga. Siraran layukan kuwa kowanne ya haɗa waɗannan biyun kai tsaye, ba ruwansa da ɗan uwansa. Saboda haka idan layi ɗaya ya yanke, sauran suna ci gaba da aikinsu, sai dai ka ga zirin hazo guda ya ƙi tafiya.

Zafin yana fitowa ne daga turjiyar da layin ke yi wa wutar da ke ratsa shi. James Prescott Joule, masanin kimiyya ɗan Ingila, shi ya bayyana ƙa'idar wannan a farkon shekarun 1840, kuma da ita dutsen guga da hitar ruwa ke aiki. Bari mu ɗauki misali mai sauƙin lissafi. A ce injin yana aiki, wutar mota tana kan bolt 14, turjiyar layukan gaba ɗaya kuma om 1. Hitar za ta ja amfiya 14, ta ba da zafin kusan wat 200. Idan layukan 14 ne, kowanne yana ɗauke da amfiya 1 kacal. A zahiri hitar yawancin ƙananan motoci tana jan tsakanin amfiya 10 zuwa 20, wato tana cikin kayan da suka fi cin wuta a mota, ta fi fitilun gaba biyu idan aka haɗa su.

Ɗan madannin da ke dashbod ba zai iya ɗaukar wannan wutar ba. Shi umarni kawai yake bayarwa. Rile, wato wani ɗan makunni da ke karɓar wannan umarnin, shi ne ke haɗa babbar wayar, fis yana tsaron layin, sannan akwai agogon da ke kashe hitar da kansa, galibi bayan minti 10 zuwa 15. A sababbin motoci kwamfutar jikin mota ce ke riƙe da wannan lokacin, kuma wasu ba sa barin hitar ta kama sai injin na aiki. Jerin dai shi ne: batir, fis, rile, waya, ɗan ƙarfen gefe, layuka, ɗaya ɗan ƙarfen, jikin mota. Duk binciken da za ka yi bin wannan jeri ne.

Yadda ake amfani da ita

Nemi madannin da ke da zanen akwati mai kusurwa huɗu da kibiyoyi uku masu lanƙwasa suna hawa sama. Mai zanen da ya yi kama da mafici, wannan na gilashin gaba ne, kuma mutane kan rikita su. Ka tayar da injin tukuna, sannan ka danna. A motoci da dama wannan madannin ne ke kunna hitar madubin gefe ma.

Ka taimaka mata ta ɓangaren iska. Kunna iyakwandishan ko da kana son ɗumi ne, domin shi ke tsotse danshi, ka kuma kashe madannin da ke juya iskar ciki a ciki, iskar waje ta shigo. Gumin ciki kan fara yayewa cikin 'yan mintoci, za ka ga fili ya buɗe a kan kowane layi yana faɗaɗa har ya haɗu da na kusa. Ƙanƙara ta fi taurin kai, saboda a waje take, sai zafi ya ratsa kaurin gilashin, gilashi kuwa ba gwanin watsa zafi ba ne. Ga kuma lissafi: narkar da giram ɗaya na ƙanƙara yana cin jul 334 (jul ma'aunin yawan zafi ne), hita mai wat 200 kuma jul 120,000 take bayarwa a minti 10. Ko da ba ɗigon zafin da ya salwanta, abin da za ta narkar bai kai giram 400 ba. Amfaninta shi ne ta saki ƙanƙarar daga jikin gilashi, kai kuma ka ture ta da abin kankara na roba ta waje. Ruwan zafi kuwa kada ka kusanto da shi, canjin zafi na farat ɗaya na iya tarwatsa gilashin.

Da gilashi ya washe, ka kashe, ba sai agogo ya cika ba.

Idan ta daina aiki

Mataki na farko ba ya bukatar kayan aiki, ido kawai. Ka jira ranar da gilashin ya yi gumi, ko ka hura masa numfashi ta ciki, ka kunna hitar ka zuba ido. Idan wasu layuka sun share nasu wasu sun bar hazo, to fis da rile da waya duk lafiya lau, ka tsallake zuwa mataki na biyar. Idan ko'ina bai motsa ba, matsalar tana kan hanyar wuta ne kafin layukan. Da wuya layuka goma sha wani abu su yanke a rana ɗaya, sai dai in an kankare gilashin.

Kada 'yar fitilar madanni ta ruɗe ka. A motoci da yawa abin da take cewa kawai shi ne an ba da umarni, ba wai wuta ta isa gilashi ba.

Mataki na biyu, fis. Duba littafin motar ko zanen da ke bayan murfin akwatin fis. Na hita babba ne, sau da yawa mai amfiya 20 zuwa 40, wasu motocin kuma suna da ƙarami na daban don madannin. Idan ya ƙone, sa irinsa daidai. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai wayar da ta goge tana taɓa jikin mota, sai an nemo ta. Masu sa fis mafi girma ko su naɗa waya a gurbinsa, gobara suke gayyata, domin daga nan wayar motar ce za ta zama fis ɗin.

Mataki na uku, rile. Sa wani ya danna madannin, kai kuma ka ɗora yatsa a kan rilen. Ya kamata ka ji ɗan ƙas. Jin ƙarar ba shaida ce cikakkiya ba, don bakin ƙarfen ciki na iya ƙonewa alhali yana ƙara. Hanya mafi sauri ita ce ka musanya shi da wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin, ka sake gwadawa. Wasu motocin rilen a like yake cikin akwatin fis, ba ya ciruwa, wannan sai mai gyaran wayar mota.

Mataki na huɗu, wuta a bakin gilashi. Nan kana bukatar mita mai auna bolt. Da farko dubi 'yan ƙarafan gefe biyu. Sau da yawa za ka tarar ɗaya ya ɓalle yana lilo da wayarsa, kaya ko hannun mai wanki ya fizge shi, shi ke nan ka ga ɓarawon. In suna nan daram, tayar da injin, kunna hita, ɗora baƙin tsinken mita a kan ƙarfen jikin mota marar fenti, jan kuma a kan ɗan ƙarfen da wuta ke shigowa. Ya kamata ka ga abin da ya kusa wutar batir, tsakanin bolt 12 da 14. Koma ɗaya gefen, can ya kamata ka ga kusan sifili. Idan gefen biyu duka suna nuna cikakkiyar wuta, hanyar komawa jikin mota ce ta yanke ko ta yi tsatsa: bi wayar zuwa kusoshin da aka ɗaure ta, kwance, goge, mayar. Idan babu wuta ko kaɗan alhali fis da rile lafiya, wayar ta yanke a hanya. A motocin da gilashin ke jikin ƙofar baya mai ɗagawa, fara da robar nan mai kama da maƙogwaro da ke tsakanin ƙofar da rufin mota. Wayoyin ciki suna lanƙwasa duk buɗewa da rufewa, shekara da shekaru, har su karye a cikin rigarsu. Idan waifar baya ko fitilar lamba ma suna wasa, kusan tabbas nan ne. Ka tuna da agogon nan: in ya kashe hitar kana tsakiyar awo, za ka ga sifili ka ɗauka waya ce.

Mataki na biyar, neman inda layi ya yanke. Nan ne aikin yake da daɗi, kuma nan ne gaggawa ke ɓata shi. Wani lokaci ido ya isa: haska tocila ta waje, ka bi layin ta ciki a hankali, za ka ga ɗan giɓi kamar tsagar gashi, sau da yawa a kan wata ƙarzuwa da ta ratsa layuka biyu ko uku a jere. In ido ya gaza, sai mita.

Yanki ɗan foyil na alminiyom ka naɗe bakin jan tsinken da shi, ka bar ɗan harshe da za ka danna da yatsa. Tsinke tsirara yana iya yanka layin da kake ƙoƙarin cetowa. Baƙin tsinke ya tsaya a gefen da ke komawa jikin mota. Hita a kunne, taɓa tsakiyar kowane layi. Lafiyayyen layi yana zubar da wutarsa kaɗan-kaɗan daga wannan gefe zuwa wancan, don haka a tsakiya za ka ga rabi, bolt 6 zuwa 7. Yankakken layi kuwa wuta ba ta gudu a cikinsa, saboda haka ba ya zubar da komai: ɓangaren da ke manne da gefen batir yana nuna cikakkiyar wuta har bakin giɓin, ɗaya ɓangaren sifili.

To idan a tsakiya ka ga 12 ko fiye, giɓin yana tsakaninka da gefen jikin mota, ja foyil ɗin zuwa can. Idan sifili ka gani, ja shi zuwa gefen batir. Inda lambar ta yi tsalle farat ɗaya, nan ne. Yi alama da ɗan salatif ta wajen gilashin, ba ta ciki ba. Sannan ka ci gaba da bin layin, domin layi ɗaya na iya yankewa a wuri biyu, kuma tsakanin giɓi biyu mita kan nuna sifili ko lamba marar tsayawa.

Kada ka ɓata lokaci wajen auna turjiyar layi ɗaya da hita a kashe. Tunda duka layukan a haɗe suke ta gefe biyu, mitar za ta zagaya ta cikin lafiyayyun ta ce maka komai daidai.

Ɗinke layin

Ana sayar da fenti mai ɗauke da azurfa musamman don wannan aiki, a 'yar kwalba da ɗan buroshi. Fentin azurfa na ado ba ya ɗaukar wuta, ka tabbata na gyaran hita ne.

Kashe hitar, bar gilashi ya huce. Goge wurin da tsumma mai laushi da ɗan sifirit, kana bin tsawon layin, ka bari ya bushe. Manna salatif ɗin masu fenti sama da ƙasan layin, ka bar tsaga daidai faɗinsa, ka danne bakin sosai kada fenti ya zurara ƙasa. Girgiza kwalbar har sai hannunka ya gaji, domin azurfar tana kwanciya a ƙasa, wanda bai girgiza ba ruwan banza yake shafawa. Shafa siriri, ka hau kan lafiyayyen layi da kamar santimita ɗaya ta kowane gefe. Jira ya sha iska, ka ƙara, sau biyu ko uku. Shafi siriri sau uku ya fi dunƙule guda. Cire salatif a lokacin da takardar kwalbar ta ce, kana jan sa a hankali yana nisantar layin. Sannan ka ƙyale shi. Yawancin irin wannan fenti yana son kwana ɗaya cur kafin a ba shi wuta. Bayan nan ka sake awon tsakiya, in ka ga rabi, aiki ya yi.

Wannan gyaran na ɗan giɓi ne. In tsawon yatsa ko fiye ya kankare, facin yakan fi sauran layin turjiya, ya riƙa yin zafi fiye da kima a wurin, kuma bai cika daɗewa ba.

Ɗan ƙarfen gefe da ya ɓalle kuma ana mayar da shi da gam mai ɗaukar wuta, irin mai haɗi biyu da azurfa a ciki. Gam na yau da kullum zai riƙe shi gam-gam amma ya tare wutar. Zare wayar daga jikinsa, goge fuskokin biyu, shafa, danna, tallafe shi da salatif har ya ƙame, sannan ka mayar da wayar. Ana iya yi da dalma, amma ni ba na ba wanda bai saba ba shawarar haka. Gilashin baya irin wanda aka ƙarfafa da wuta ne, ba ya tsagewa ya jira ka, zafi ya taru a wuri ɗaya sai ya wargaje gaba ɗaya ya zama tsakuwa.

Abin da ke kashe layukan

Reza ce kan gaba. Mai cire sitika da reza ta ciki, shara ɗaya ya yanke layuka uku. In dole ne a cire sitika, a jiƙa ta da ruwan ɗumi ta yi laushi, a ɓare da yatsa ana bin layin. Wajen wanki, tsumma mai laushi, daga dama zuwa hagu yadda layukan suka kwanta, ba sama da ƙasa ba, kuma ban da soson ƙarfe da hoda mai ƙarzawa. Zobe da agogon hannu ma suna ɓarna. Haka kayan da aka cusa a baya suna gogar gilashi duk tsawon tafiya.

Sai baƙar ledar da ake manna wa gilashi. Manna ta ba ya hana hita aiki, ɓare ta ne masifa. Tsohuwar leda da gam ɗinta ya ƙeƙashe, in aka fizge ta a bushe, tana tahowa da layukan a jikinta. Masu aikin da suka san hannunsu da tururi suke laushe ta, su ja a hankali. Ka tambayi mai aikin yadda zai cire kafin ya taɓa. Kuma gilashin da ke da leda ba ya awo ko faci sai an buɗe wurin, don ledar ta rufe layukan.

A wasu motocin layukan da ke can sama, waɗanda ba su haɗu da sauran ba, eriyar rediyo ce da gaske. Ba sa ɗumi, kada ka ɗauka sun lalace, kada kuma ka haɗa su da na hita da fenti.

Idan hitar tana aiki amma gumi na dawowa da zarar ta mutu, ruwa ne ke kwance a motar. Ɗaga kafet, duba ramin tayar safaya, bi robar ƙofofi da ta but. Ka kuma wanke gilashin ta ciki, domin datti da maiƙo suna ba ɗigon ruwa wurin kamawa. Sauya gilashi kuwa sai idan layuka da yawa sun kankare da tsawo, ko faffaɗan layin gefe ya ɓare daga jikinsa. In ta kai ga haka, ka tabbata sabon yana da 'yan ƙarafansa a inda wayoyin motarka ke isa, da layin eriya in tsohon yana da shi, ka kuma sa a kunna hitar a auna tsakiyar layukan a gabanka kafin ka karɓi motar.